Kwamfutar da Mai Siminti Ya Aiko Min

Masu karatu, ina yi muku sallama, ina kuma neman afuwarku bisa jinkirin da wannan fitowa ta yi. Ba ciwo na yi ba, ba kuma tafiya ce ta kama ni ba. Gajiya ce, irin wadda mutum zai kwanta da ita, ya farka ya tarar tana zaune a bakin gado tana jiransa.

Wanda yau ne farkon shigowarsa, bari in gabatar masa da kaina, domin ba a tarbiyyantar da ni in yi wa baƙo zance bai san da wa yake magana ba. Ni injiniya ce, aikina lissafin ƙarfin gini. Mai zane zai zana gida yadda ransa ya so, ni kuma in faɗa masa kaurin ginshiƙi da yawan rodin da zai hana ginin durƙushewa a kan bayin Allah. Ofishina yana saman wani shagon fenti. Ni da maigidana muka buɗe shi tun gashinmu yana baƙi, kuma tun da Allah ya karɓi ransa ni kaɗai nake riƙe da shi. Na haura hamsin, na ga jika, amma a gidanmu har gobe Auta nake. Yayana, wanda ya tsaya mana a matsayin uba, idan ya ce "Auta" sai ka ɗauka yarinya zai aika shago.

Mai neman aurena kuwa, kowa ya san shi da Mai Siminti. Da ƙuruciyarsa buhu-buhu yake sayarwa a bakin titi; yau kamfanin gine-gine gare shi mai ɗimbin ma'aikata, amma sunan ya ƙi sakinsa. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa duk sun kama gabansu. Dattijo ne mai tsafta, mai tausasa murya, ba shi da wani aibi da zan nuna da yatsa. Ya biyo ta hannun Yaya kamar yadda ya dace, Yaya kuma ya ba ni zuwa ƙarshen mako in faɗi amsata, e ko a'a. Wannan amsa ita ce kayan da nake ɗauke da shi a ka lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru.

Tsohuwar kwamfutar ofis, wadda Marigayi ya harhaɗa da hannunsa, ta daɗe tana gurnani kamar janaretan da ke neman makaniki. Wata safiya na danna ta, ta ƙi tashi. Mai gyara ya kwance ta, ya leƙa cikinta, ya ɗago ya ce in yi haƙuri, da irin muryar da ake yin ta'aziyya. Sai na faɗa wa 'yata, wadda ke aure a wani gari, alhali na san magana ba ta kwana a cikinta. Washegari kafin la'asar ma'aikatan Mai Siminti suka sauke min wani ƙaton kwali a tsakiyar ofis, saƙonsa kuma ya biyo baya a waya:

"Injiniya, kada aiki ya tsaya saboda ƙarfe. A karɓa da haƙuri."

Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa karɓar kyautar da ba za ta iya ramawa ba. Ko kwano maƙwabciya ta aiko mata, ba ya komawa wayam. A kan wannan aka raine ni, don haka na zauna ina kallon kwalin kamar baƙon da ya zo ba a gayyace shi ba. Sai ga saƙon 'yata a waya.

"Mama, kin buɗe?"

"Ban buɗe ba. Wa ya aike ki kai masa labarina?"

"Ni dai cewa na yi Mama tana cikin damuwa. Shi ya tambayi dalili."

"Mayar masa zan yi."

"Don girman Allah, Mama, kada ki kunyata bawan Allah. Wasu leshi ake aiko musu su rasa inda za su sa, ke an aiko miki abin da ranki yake so. Ai wannan ita ce soyayyar injiniyoyi."

Ta biyo bayan wannan da fuskoki masu dariya har layi ya cika. Na ajiye wayar. Ba na musayar 'yan fuskoki da wadda na goya.

Abin da ya karya min wuya shi ne aiki. A hannuna akwai hasumiyar tankin ruwa ta wata makarantar kwana. Tsohuwar hasumiyar ta tsage an sauke tankin, kuma ba za a aza tubalin sabuwa ba sai lissafina ya fita. Na yanka kwalin, na fito da ita: baƙa, mai nauyi, mai sanyin jiki, ga allo mai faɗi kamar taga. Da na kunna ta ko numfashinta ba a ji. Ba zan ɓoye muku ba, ta burge ni.

Manhajar da nake aiki da ita kashi biyu ce. Akwai ɓangaren zane, inda nake tsayar da ginshiƙai in ɗaure su. Akwai ɓangaren lissafi, wanda yake ɗora wa ginin nauyin ruwa da bugun iska, ya nuna min inda zai fara karyewa. Shi ɓangaren lissafin ba ya buɗewa sai an soka wani ɗan filashi na lasisi a jikin kwamfuta, ita kuma kwamfuta ba ta gane filashin sai ta hanyar wata 'yar ƙaramar manhaja da masu sana'ar ke kira direba. Na ɗora komai da hannuna, bi da bi, yadda na saba. Zane ya buɗe tas, hasumiyata ta tsaya a allo da kyanta. Na soka filashin, na danna lissafi.

Sai wani ɗan akwati ya leƙo daga kusurwar allo. Ya sanar da ni, cikin ladabi, cewa tsaron kwamfutar ya hana wannan direba aiki, domin tsoho ne, kuma zai iya zama ƙofar da ɓarayin intanet za su biyo.

Ban razana ba. Na san sababbin kwamfutoci da irin wannan kariya suke zuwa, kuma mai na'ura yana da ikon kashe ta idan ya ga dama ya ɗauki kasadar. Na shiga saitin tsaro, na lalubo maɓallin. Ya dusashe, ba ya dannuwa. A ƙarƙashinsa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa mai kula da na'urorin kamfaninku ne kaɗai yake da ikon canza wannan.

Kamfaninku. Na cire tabarau, na goge da bakin mayafi, na mayar, na sake karantawa. Ni kamfanina ni ce, sai kujera, sai butar shayi. Na juya na'urar, sai ga 'yar takarda manne a bayanta da tambarin kamfanin Mai Siminti. Nan na gane yadda aka yi. Ba shago ya je ya zaɓo min ba. Umarni ya bayar, sashen sayayyarsa suka haɗa ta da na ma'aikata, suka shigar da ita garkensu, suka ɗaure ta da dokokinsu, sannan aka naɗe ta a kwali aka kawo min da sunan kyauta.

Da yamma Yaya ya zo gidana. Ya tarar da ni a falo, ban ko cire kayan ofis ba, labule a sake, fanka tana juya iska mai zafi. Ya wuce kai tsaye kujerar Marigayi mai hannun katako, wadda shi kaɗai nake bari ya zauna a kai, ya jingine sandarsa.

"Auta, mako yana tafiya. Mutumin nan kullum sai ya kira ni ya gaishe ni, har na fara jin kunyar ɗaga waya. Jiya lafiyar gwiwata ya tambaya. Ni kuwa gwiwata ba ta taɓa kai ƙara wurinsa ba."

"To Yaya, tunda kun shaƙu haka, ai sai ka aure shi."

"Ji min rashin kunya. Da furfurarki."

"Furfurar ce ta sa nake tunani kafin in yi magana."

Na zuba masa shayi, na kwashe labarin kwamfutar na faɗa masa. Ya saurara yana kaɗa cokali, da na gama ya dube ni kamar wadda ta kira shi kashe gobara ya zo ya tarar da ashana.

"Wannan ce damuwar? Ki kira shi mana, ya sa yaransa su buɗe miki."

"In kira shi in nemi izinin yin aikina, a ofishina?"

"Ba izini ba ne, taimako ne."

"Yaya, lokacin da Babanmu ya saya wa Innarmu keken ɗinki, ka taɓa ganin ya cire allurar ya sa a aljihu ya tafi wurin aiki da ita?"

Ya yi dariya har shayin ya so ya sarƙe shi. Amma da dariyar ta lafa sai ya ajiye kofin, fuskarsa ta koma ta babban wa.

"Ke dai bakinki tun kina rarrafe yake da kaifi. Ki saurare ni. Ni tsufa nake yi, 'yarki tana gidan mijinta. Bara da kika zame a banɗaki, wa ya sani sai da mai shara ta zo? Ba na son in bar duniya in bar ki ke da ginshiƙai. Ginshiƙi ba ya miƙo wa mutum ruwa."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar babban wa ta fi ta kowa nauyi. Na raka shi bakin ƙofa, ya juyo ya ce, "Ƙarshen mako, Auta," ya tafi.

Kwanakin da suka biyo baya na yi duk abin da mai girman kai zai yi don kada ya ɗaga waya. Na rubuta wa masu manhajar ina neman sabon direba. Suka amsa cewa tawa ta tsufa, sun daina yi mata, sai dai in koma sabon salo gaba ɗaya, wanda sayensa da koyonsa ba aikin mako guda ba ne. Na cire direban na sake ɗorawa, akwatin ya sake leƙowa da ladabinsa. Na ɗauko takarda da fensir na yi lissafin da hannu, yadda malamanmu suka koya mana kafin a san wata kwamfuta, har wuyana ya sage. Amma hukumar da ke duba zane ba ta karɓar hasumiya sai da rahoton manhaja a bayanta. Shugabar makarantar kuwa saƙonta ba ya yankewa:

"Injiniya, ina fatan ana samun ci gaba. Yara da bokiti suke ɗebo ruwa daga bayan katanga kafin su shiga aji."

Shi ma Mai Siminti nasa saƙon ba ya makara. Kowace safiya, ina zama a kujera, sai waya ta yi ƙara:

"Barka da hantsi, Injiniya. Komai lafiya a ofis? Babu abin da kike buƙata?"

Ni kuma in rubuta: "Lafiya lau. Na gode." In ajiye wayar, in koma kallon hasumiyar da aka zana aka hana ta ɗaukar nauyi.

Ranar da wa'adin Yaya zai cika na yanke shawara: zan mayar masa da kayansa, in nemi aron tsohuwar kwamfuta a wurin wani abokin sana'a, in kuma gaya wa Yaya a'a. Na sa doguwar riga ruwan toka, wadda nake sawa idan zan je kare zane a gaban hukuma, da baƙin mayafi mai siririn zare a baki, da takalmi marar tsini, na ɗaura agogon Marigayi mai faɗin fuska wanda sai da aka ƙara masa huda kafin ya zauna a hannuna. Turaren da Mai Siminti ya taɓa aiko min yana kan madubi, na kalle shi na ɗauki nawa na da. Mai fenti ya taya ni sa kwalin a bayan mota.

Kamfanin duk gilashi ne da sanyin na'ura. Sakatariya ta miƙe tana murmushi za ta kai ni wurin Yallaɓai, na ce mata ba wurinsa na zo ba, sashen kwamfuta nake nema. Kayan da ke da tambarinsu ai su ya kamata a damƙa wa. Aka kai ni wani ɗaki mai igiyoyi ta ko'ina. Shugabar sashen mace ce sa'ar 'yata, mai tabarau da natsuwa, ta tashi ta ba ni kujerarta.

"Sannu da zuwa, Mama. Ai na gane na'urar nan. Direban lasisi ne aka toshe, ko? Tun ranar da kika ɗora shi rahoto ya shigo mana, na kai wa Yallaɓai da kaina."

"Tun ranar?"

"Tun ranar. Na ce masa ya bar ni in kira ki mu ga yadda za a yi, ya ce in dakata, ke za ki kira."

Ta juyo min da allonta don ta nuna min. Ga na'urorin kamfanin a jere, ga tawa a tsakiyarsu, tsakanin ta akanta da ta mai kula da sito.

"Abin da kike rubutawa ba ma gani, Mama, wallahi. Sai dai lokacin da aka kunna, da lokacin da aka kashe, da abin da aka ɗora, da abin da aka toshe. Shi ma Yallaɓai abin da yake tambaya ke nan idan ya leƙo da safe, ko kin kunna..."

Nan ta tsaya. Ta dubi fuskata, ta gane bakinta ya riga ta.

Masu karatu, na ɗauka fushi zan yi. Ban yi ba. Ashe saƙon hantsin nan ba dace yake yi da zamana a kujera ba. Ashe duk kwanakin da nake fama da fensir, mutumin yana sane, yana rubuta min "babu abin da kike buƙata?" da amsar a aljihunsa.

Na daure na ce, "'Yata, za ki iya kashe kariyar?"

"Ba zan iya ba, Mama. Ba don ke ba. Matuƙar na'urar tana cikin namu, idan na buɗe mata ƙofa na buɗe wa kamfanin gaba ɗaya. Ko Yallaɓai ne ya ce in kashe, sai dai ya nemo wata ta zauna a kujerar nan."

Duk da halin da nake ciki, sai da yarinyar ta kwanta min a rai. Haka nake amsa wa 'yan kwangila idan suka ce in rage rodi.

"To babu wata hanya?"

"Akwai guda. A cire ta daga kamfanin kwata-kwata, a goge ta, ta koma kamar yanzu aka fito da ita daga shago. Daga nan taki ce. Ki kashe kariyar ko ki bar ta, ke ce mai iko. Shawarata, idan kin kashe, ki raba ta da intanet, lissafi kawai ki riƙa yi a kanta. Amma mu ba za mu ƙara ganinta ba, kuma sai Yallaɓai ya amince."

Ba ta rufe baki ba ƙofa ta buɗe. Sakatariya ta kai labari, ga shi ya taho da sauri har hularsa ta karkace, farar rigarsa tana jan iska.

"Injiniya! Kin shigo kamfanina ba ki sanar da ni ba?"

"Na ɗauka allon nan zai sanar da kai."

Ya dubi allon, ya dubi kwalin, ya dubi shugabar sashen. Ita ta fara tattara wayarta za ta sulale.

Na ce, "Zauna, 'yata. Ofishinki ne." Sannan na juya gare shi. "Ka san aikina ya tsaya?"

"Na sani."

"Kana kuma turo min saƙo kowace safiya kana tambaya ko komai lafiya."

"Ina turowa."

"Don me?"

Ya jawo wata gajeriyar kujera ta ma'aikata ya zauna, gwiwoyinsa suka tashi sama, babban mutum ya koma kamar ɗalibin da aka kira ofishin shugaba. Ya daɗe yana murza zoben azurfar da ke yatsansa.

"Injiniya, tun da na fara zuwa wurinki ba ki taɓa ce min 'yi min kaza' ba. Motarki ta mutu a hanya, kika kira makaniki, sai a bakin 'yarki na ji. Rufin ofishinki ya yi yoyo, kika nemo kafinta, ni da nake da kafintoci kamar in yi kyauta da su. Ni kuwa duk rayuwata abin da na iya ke nan, a ce ana buƙata in kawo. Ban shirya a kulle na'urar nan ba, Allah shi ne shaida, haka 'yan sayayya suka saba yi da duk abin da ya shigo. Amma da aka zo aka ce min ta toshe, sai zuciyata ta ce, to, yau dai za ta kira ka. Na zauna ina gadin waya kamar saurayi."

"Kana gadin waya, 'ya'yan mutane suna can suna ɗaukar ruwa a bokiti."

"Waɗanne yara?"

"Na makarantar da hasumiyarsu ke cikin na'urar nan."

Ya rufe ido. "Ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba. Lokacin kunnawata ka tambaya."

Na san abin da za ku rubuto min a ƙasa, cewa ni ma ban faɗa ba. Ku ajiye sharhinku, na riga ku sani.

Na miƙe na gyara mayafi. "Ga kayanka nan na dawo maka da su. Na gode da niyya."

Bai dube ni ba. Shugabar sashen ya duba. "Me ake yi a sake ta?"

Ta maimaita masa abin da ta gaya min, ta ƙara da cewa, "Yallaɓai, idan na cire ta, ba za ta sake fitowa a allon nan ba. Ko an kunna ko ba a kunna ba, ba za mu sani ba."

"Na ji. Cire ta." Sannan ya ƙara da cewa, "Wannan tambayar kuma da nake zuwa ina yi miki da safe, ba aikinki ba ne, ni na sa ki abin da bai kamata ba. Ki yafe min."

Yarinyar ta rasa inda za ta sa idonta. Ni ma haka. Na yi aiki da manyan mutane shekara da shekaru, na ga masu zagi, na ga masu kyauta don a manta da zagin, amma ban taɓa ganin mai kamfani ya nemi gafarar ma'aikaciyarsa a gaban matar da yake nema ba. Marigayi kansa, Allah ya yi masa rahama, idan ya yi min laifi sabon tabarau yake sayo min. Kalmar "yafe min" ba ta fita daga bakinsa.

Na koma na zauna.

Aikin ya ɗauki lokaci, har azahar ta gota. Aka kawo shayi ya huce ba wanda ya sha. Da na'urar ta farfaɗo babu sunan kowa a kanta, shugabar sashen ta matsa gefe ta ce, "Bismillah, Mama." Na shiga saitin tsaro. Maɓallin ya yi haske, ƙananan haruffan nan sun ɓace. Na kashe kariyar da yatsana, ta zare igiyar intanet, na fito da faifan manhajar da filashin daga jakata na ɗora su, na dawo da zanen. Na danna lissafi. Allon ya yi ɗan jim, sai ginshiƙan suka fara rinewa ɗaya bayan ɗaya, kore, kore, kore, guda ɗaya can sama ya yi ja.

Mai Siminti ya leƙo ta bayan kafaɗata, nesa kaɗan. "Wancan ja ɗin fa?"

"Rodi yake nema."

"In aiko miki da..." Ya kama bakinsa. "To. Allah ya ba da sa'a."

Ma'aikata suka taso za su ɗauki kwalin, ya hana su. Ya naɗe hannun farar rigarsa ya rungume shi da kansa, ya ratsa da shi ta gaban sakatariya da masu gadi, duk sun saki baki. Ya sa a motarsa ya ce in wuce gaba, zai biyo ni.

Da na iso na riga shi hawa. A baranda na tarar da Yaya zaune a kan kujerar roba da mai fenti ya ara masa, sanda a tsakanin ƙafafu. Na buɗe ofis muka shiga, na bar ƙofa a buɗe. Daga ƙasa na ji an rufe bayan mota, sannan takun mai ɗauke da kaya ya fara hawowa a hankali, mataki, hutu, mataki.

Yaya ya ce, "Auta, yau ne. Ba zan koma gida da 'sai na yi tunani' ba."

Ban rage murya ba. Na ma ɗan ɗaga ta, yadda za ta sauka matakala.

"Yaya, ka gaya masa na amince. Amma ka haɗa masa da wannan. Ofishin nan nawa ne, makullinsa guda ɗaya ne, kuma a jakata zai riƙa kwana. Ma'aikacinsa ba zai hawo nan ya ɗaura min ko ƙwan fitila ba sai na kira. Idan ina da buƙata zan koyi faɗa da bakina, na ɗauki wannan a kaina, ko da zai yi min ɗaci. Idan kuwa ya ga na faɗa rami ban yi magana ba, kada ya tsaya a baki yana jiran in roƙe shi. In ya yarda da haka, ya ƙaraso da kayan. In bai yarda ba, ya ajiye a inda yake, mai fenti zai hawo da shi, babu kuma wanda ya yi wa wani laifi."

Yaya ya zaro ido. Ya nuna ƙofa da haɓa, ya yi ƙasa da murya. "Yana nan?"

"Yana nan."

"Kai, Auta! A matakala ake ba dattijo amsa?"

Ni kuwa kunnena yana waje. Takun ya tsaya a daidai kwanar matakala, inda ba a ganin mutum daga sama. Muka zuba wa ƙofa ido, ni da Yaya, shi da sandarsa, ni da jakata a hannu ban ko ajiye ba. Ban ji an dire kwali a ƙasa ba. Ban ji an tako mataki na gaba ba. Sai numfashin dattijo mai ɗauke da kaya, yana fita yana komawa, a tsakanin sama da ƙasa.